Safar Hannun Hagu

Kakata Dzidra ba ta ba da labari da baki.
Sai ta zauna gefen murhu, zaren ulu a cinya,
kibiyoyin saƙa suna ƙas-ƙas tsakanin yatsunta,
mu jikoki mu tsinci abin da ya faɗo.

Watan Yuni ne, shekarar arba'in da ɗaya,
lokacin da dare a ƙasarmu bai fi tsawon hamma ba.
Ta gama safar hannun dama ta mijinta Vilis,
ta hagu saura babban yatsa,
aka bugi ƙofa da gindin bindiga.
Mai karanta takarda bai iya faɗin sunansu daidai ba.
Ya ce awa ɗaya.
Ta ɗauki jaririya, rabin baƙin burodi, ƙullin gishiri,
ta manta takalmin sanyi.
Saƙar kuwa ta biyo ta a aljihu ba da saninta ba.

A tasha aka ware maza zuwa wani tarago,
wai don mutunci, a gaba za a haɗu.
Ta cusa masa ta daman ta tsakanin katako.
Ya yi dariya: "Da wannan zafin?"
Iyakar abin da ta ƙara ji daga bakinsa ke nan.

Shekara goma sha shida a Saiberiya.
Ta sari itacen da ya fi ta kauri sau uku,
ta dafa ciyawa ta kira ta miya.
Ta warware mayafinta, ta warware rigar aurenta,
ta saƙa wa matan ƙauyen safa,
ƙafa biyu, dankali shida.
Ta hagun nan ba ta taɓa ba.

Da ta dawo, gidanta ya zama ofishin gandun gwamnati.
Wani ya leƙo ta tagar ɗakin kwananta
ya tambaye ta da Rashanci, me take nema.
Ta ce ba komai.
Ta tsinki tuffa ɗaya a bishiyar da ta dasa da hannunta,
ta ɓoye kamar ɓarauniya.

Ina shekara tara ta juya min bakin safar:
ja, fari siriri, ja.
"Ka gani? To ba ka gani ba.
Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."
Washegari a makaranta na rera taken Mosko,
kunnuwana suna zafi.

Ran da muka jeru a titi, Agustan tamanin da tara,
hannu cikin hannu daga Talin har Bilniyus,
wani baƙo mai warin man tarakta ne a hagunta.
Mutane na kuka, ita tana mitar ciwon gwiwa,
amma sai da ya roƙe ta ta sakar masa yatsu.

Janairun casa'in da ɗaya muka tare titunan Riga
da gungume da motocin tifa.
Muna jin wuta, muna sauraron ƙarar tankar yaƙi
a cikin duk iskar da ta taso daga Daugava.
Sai ga ta da asuba, da buhun safa a kafaɗa,
tana rabawa, tana faɗan wanda bai rufe wuya ba.
Ni ta ba ni ta hagu.
A daren ta ƙarasa yatsan,
da sabon zaren da launinsa bai dace ba.

Bayan tutarmu ta hau sama aka buɗe ɗakin takardu.
Layi uku: Vilis, lamba kaza,
Fabrairun arba'in da biyu, ciwon zuciya.
Ta karanta, ta goge tabarau, ta sake karantawa,
ta juya bayan takardar, babu komai.
Ta dubi yarinyar da ke bayan tebur:
"Ba su rubuta ko da safa a hannunsa ba?"